Zaɓen manhajar matse bidiyo domin buga faifan DVD mai inganci

Akan sami faya-fayan DVD guda biyu ɗauke da bidiyon biki ɗaya, wanda aka ɗauka da kyamara ɗaya, amma idan aka saka su a na'ura sai a ga ɗaya tar, ɗayan kuwa da zarar an fara rawa sai fuskoki su dagule, hoton ya farfashe zuwa ƙananan murabba'ai.

Akasari akan ɗora laifin a kan faifan ko kuma na'urar kallon. Sai dai a mafi yawan lokuta ɓarnar ta auku ne tun a cikin kwamfuta, a lokacin da manhaja take matse bidiyon domin ya shiga faifan.

Kasuwar faifai ta ja da baya a duniya baki ɗaya. Kamfanin Netflix na Amurka, wanda ya faro da aika wa mutane faya-fayan haya ta gidan waya, ya rufe wannan sashe a watan Satumba na shekarar 2023, yayin da masu shirya fina-finan Hausa suka karkata ga YouTube da tashoshin talabijin. Duk da haka akwai masu buƙatar faifan: masu ɗaukar bukukuwa, da makarantu da masallatan da ke adana karatu, da iyalan da ke son ceto tsofaffin kaset-kaset kafin su lalace. Ga irin waɗannan, sau da yawa faifan da aka buga shi ne kaɗai abin da zai rage, domin akan goge na asalin.

Dalilin matsewa

Nijeriya da Ghana suna cikin ƙasashen da suka bi tsarin talabijin na PAL. A wannan tsari kowane hoto na DVD yana da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, kuma ana nuna hotuna 25 a kowace daƙiƙa. Nijar da Chadi sun bi tsarin SECAM na Faransa wajen watsa shirye-shirye, amma a kan faifai ma'aunin ɗaya ne. A Amurka da Japan, inda ake bin NTSC, ɗigon 720 ne da 480, hotunan kuma kusan 30.

Idan ba a matse irin wannan bidiyo ba, yana cin kimanin megabit 166 a kowace daƙiƙa, wato kusan gigabayit 75 a sa'a guda. Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya kuwa gigabayit 4.7 kacal yake ɗauka, mai shimfiɗa biyu kuma 8.5. Ke nan kafin fim na sa'a biyu ya shiga faifan farko, sai an rage nauyinsa fiye da sau 30.

Tsarin da ake bi wajen yin haka shi ne MPEG-2, wanda wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa ya kammala a tsakiyar shekarun 1990. An kafa kwamitin a shekarar 1988 bisa jagorancin Leonardo Chiariglione ɗan ƙasar Italiya da Hiroshi Yasuda na Japan. A kan wannan tsari aka gina DVD, wanda aka fara sayarwa a Japan a watan Nuwamba na 1996, sannan a Amurka a watan Maris na 1997.

Dabarar iri biyu ce. Ta farko, akan yanyanka kowane hoto zuwa murabba'ai masu ɗigo takwas-takwas, a zubar da ƙananan bayanan da ido ba ya saurin lura da su. Ta biyu, wadda ta fi rage nauyi, ita ce ba a adana kowane hoto cikakke. Akan adana guda ɗaya, sa'annan a hotunan da ke biye a rubuta abin da ya motsa kawai da inda ya nufa. Ƙa'idar DVD ta PAL ba ta yarda rukuni guda ya wuce hotuna 15 ba kafin a sake kawo cikakken hoto.

Inda manhajoji suka sha bamban

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, kwamitin MPEG bai shimfiɗa yadda za a matse bidiyo ba. Abin da ya ƙayyade shi ne siffar bayanan da za su fito, da yadda na'urar kallo za ta warware su. Hanyar kaiwa ga wannan siffa an bar wa kowane kamfani ya yi tasa dabarar.

Wannan shi ne tushen bambancin. Wata manhajar takan tsaya ta binciki inda kowane ɓangare na hoto ya koma a hoto na gaba, wata kuwa ta yi kirdado cikin gaggawa. Wata takan gane inda fitowa ta ƙare wata ta fara, ta ajiye cikakken hoto a daidai wurin, wata kuma ba ruwanta. Dukkansu za su fitar da faifan da na'ura za ta karɓa, amma ba za su yi kama a ido ba.

Ana kuma yawan haɗa ayyuka uku wuri guda alhali daban suke. Akwai matsewa, akwai tsara faifai, wato shirya shafin zaɓi da babi-babi da jera fayilolin a cikin jakar da ake kira VIDEO_TS, sa'annan akwai bugawa a kan faifan kansa. A matakin farko ne kaɗai ake samun inganci ko a rasa shi. Manhajar da ke da kyawawan shafukan zaɓi tana iya kasancewa mai raunin matsewa, kuma hakan ya sha faruwa a manhajojin da ake bayarwa kyauta tare da na'urar buga faifai.

Lissafi kafin zaɓe

Kafin a yi maganar sunan kowace manhaja, akwai lissafin da babu wadda ta isa ta kauce masa.

Gigabayit 4.7 daidai yake da bit biliyan 37.6. Kwamfuta takan nuna shi a matsayin 4.37 saboda bambancin ƙidaya, abin da ya sa wasu ke zaton an cuce su. Idan aka raba wannan adadi a kan daƙiƙa 7,200 da ke cikin sa'a biyu, kowace daƙiƙa za ta sami kimanin megabit 5.2. Bayan an cire kason sauti da na tsarin faifai, abin da zai rage wa hoto bai kai 5 ba. A sa'a uku kason hoton ya sauko kusa da 3.2, a sa'a huɗu kuma ƙasa da 2.5.

Ta sama ma akwai iyaka. Ƙa'idar DVD ta tsayar da hoto a megabit 9.8, hoto da sauti da fassarar ƙasan allo a haɗe kuma 10.08. Saboda haka bidiyon da bai wuce sa'a guda ba yana iya samun cikakken kaso, kuma a nan kusan kowace manhaja za ta yi abin kirki. Sai an haura minti 90 ne ake fara gane gwani da ɗan koyo. Masu aikin da dama sukan tsayar da ƙololuwar a wajen megabit 8 a faifan da aka buga a gida, domin tsofaffin na'urori sukan yi tuntuɓe idan aka kai su bakin iyaka.

Ba tsawo kaɗai ake dubawa ba, har da abin da ke cikin bidiyon. Malamin da ke zaune yana tafsiri a gaban bango, kyamara tana kan ƙafarta, abu ne mai sauƙin matsewa, domin kusan komai na hoton bai sauya ba. Ana iya zuba sa'a uku na irin wannan ba tare da mai kallo ya ga aibu ba. Hawan sallah kuwa akasin haka ne: dawakai a guje, ƙura ta tashi, ga kayan ado masu ƙyalli, ga mai kyamara yana bin su da hannu. Haka ma taron mata da ke sanye da atamfa da leshi masu ƙananan zane, musamman da dare, lokacin da ƙarancin haske ke sa hoton ya yi yashi-yashi. Manhaja ba ta bambance yashin da ainihin hoto, saboda haka takan ɓarnatar da kasonta wajen adana shi.

Idan dole ne a cusa sa'a huɗu a faifai ɗaya, ƙa'idar ta yarda a rage faɗin hoton zuwa ɗigo 352 da 576. Hoton zai ɗan yi laushi, amma laushi ya fi farfashewa daɗin kallo. Manhajar da ba ta ba da wannan zaɓi ba ta rage wa mai aiki hanya guda mai amfani.

Abin da kasuwar Kano ta gani

Masu kallon fina-finan Hausa sun ga sakamakon wannan lissafi da idonsu. Masana'antar da ta faro a kan kaset na VHS da fim ɗin Turmin Danya a shekarar 1990 ta koma kan faifan VCD a shekarun 2000, kafin DVD ya karɓe kasuwa a Ƙofar Wambai da sauran wurare.

VCD, wanda kamfanonin Philips da Sony da Matsushita da JVC suka fitar da ƙa'idarsa a 1993, yana amfani ne da tsarin MPEG-1, da ɗigo 352 da 288, da kaso tsayayye na kilobit 1,150 a daƙiƙa. Faifai guda yana ɗaukar minti 74 zuwa 80. Da yake kason ba ya motsi, a wuraren rawa da waƙa ne hoton ya fi dagulewa, alhali su ne masu saye suka fi maimaitawa.

Da DVD ya zo, masu satar fasaha sun yi amfani da girmansa ta wata fuska. Ƙa'idar DVD tana karɓar hoto mai ƙanƙantar na VCD, kuma a wannan ma'auni faifai mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar fiye da sa'a bakwai. Ta haka, da ma ƙara matsewa fiye da haka, aka riƙa tara fina-finai barkatai a faifai guda. Sunan DVD ne a jikin kwalin, amma hoton bai kai na kaset mai kyau ba.

Manhajojin da suka yi suna

A shekarun 2000, lokacin da aikin ke tashe, sunaye kaɗan ne suka mamaye muhawarar masu sana'ar.

Cinema Craft Encoder, na kamfanin Custom Technology da ke Japan, ya yi fice wajen sauri da kuma iya bin bidiyo sau da dama kafin ya yanke hukunci. Babban samfurinsa ya kai kusan dala 2,000, sai daga baya aka fitar da ƙarami mai rahusa. Ya fi nuna ƙwarewa a kan fim mai tsabta da aka ɗauka da haske mai kyau.

TMPGEnc, wanda Hiroyuki Hori ya rubuta, kamfanin Pegasys na Japan kuma ya ci gaba da shi, ya shiga hannun talakawa fiye da kowanne, saboda samfurinsa na kyauta yana yin VCD ba iyaka, ko da yake ɓangaren MPEG-2 na kwana 30 ne kawai. An san shi da jinkiri, har akan bar kwamfuta ta kwana tana aiki, abin da ba ƙaramar matsala ba ce a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Amma yana bai wa mai aiki iko a kan kusan kowane saiti.

ProCoder na kamfanin Canopus, wanda Grass Valley ya saye a tsakiyar shekarun 2000, shi ne aka fi yabawa wajen bidiyon ƙananan kyamarori na DV, irin wanda masu ɗaukar biki ke kawowa. MainConcept na birnin Aachen a Jamus kuwa mutane da yawa sun yi amfani da shi ba tare da sun san sunansa ba, domin shi ne injin da ke cikin manhajojin tace hoto irin su Adobe Premiere da Vegas.

A ɓangaren na kyauta akwai HCEnc, wanda ingancinsa ya yi kafaɗa da kafaɗa da na kuɗi, sai dai yana buƙatar mai aiki ya iya shirya masa bidiyon ta hanyar AviSynth, ko kuma ya bi ta wata manhaja mai sauƙaƙa shi kamar AVStoDVD. Sai FFmpeg, wanda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000, wanda kuma shi ne ke aiki a ƙarƙashin DVDStyler da DVD Flick. FFmpeg yana da saitin DVD na kai tsaye, amma saitin yana ba hoto megabit 6, sauti kuma kilobit 448, wanda ke nufin fim na sa'a biyu zai kai gigabayit 5.8, ba zai shiga faifai mai shimfiɗa ɗaya ba sai an gyara da hannu.

Da dama daga cikin manyan kamfanoni sun fice daga fagen. Apple ya daina DVD Studio Pro a 2011, Adobe bai sake fitar da Encore ba bayan samfurin 2012, Microsoft kuma ya cire Windows DVD Maker daga Windows 8. DVD Flick bai sami sabuntawa ba tun 2009. Abin da ya fi saura a hannun mai aiki shi ne FFmpeg da manhajojin da aka gina a kansa, da jerin TMPGEnc na kuɗi, da injin MainConcept. HandBrake, duk da shahararsa, ba ya cikin wannan sahu, domin yana fitar da fayilolin kallo a waya da kwamfuta ne, ba ya shirya faifan DVD. Haƙƙin mallakar MPEG-2 na ƙarshe a Amurka ya ƙare a watan Fabrairu na 2018.

Abubuwan da ake nema a cikin manhaja

Na farko shi ne kaso mai hawa da sauka tare da bi biyu, abin da manhajoji ke nunawa da haruffan VBR. A bi na farko manhajar takan kalli bidiyon daga farko zuwa ƙarshe ta gano wuraren wuya, a na biyu ta rage wa wuraren zama da hira ta ƙara wa wuraren gudu da rawa. Kaso tsayayye, wato CBR, ya fi sauri, kuma ya wadatar ga gajeren bidiyo, amma asara ce ga dogo. Manhajar da kawai take tambayar ko ana son "mai kyau" ko "mai tsawo" ba tare da nuna lambobi ba, ta ɓoye wa mai aiki abin da ya fi muhimmanci.

Na biyu shi ne yadda take tafiyar da hoto mai saƙa. Tsofaffin kyamarori da kaset na VHS ba sa ɗaukar hoto gaba ɗaya, sukan ɗauki layukan mara sa'annan na cika, rabi-rabi, sau 50 a daƙiƙa. Dole a gaya wa manhaja wane rabi ne ke gaba. A bidiyon DV na ƙasa ne ke fara zuwa, a yawancin sauran kuwa na sama. Idan aka juya su, duk abin da ya motsa zai riƙa karkarwa a talabijin, kuma abin takaicin shi ne kuskuren ba ya cika bayyana a allon kwamfuta. Akan gano shi ne bayan an buga kwafi da yawa an raba.

Na uku ya shafi zamanin yanzu, da ake ɗaukar kusan komai da waya ko kyamara mai ɗigo 1,920 da 1,080. Wannan ya ninka hoton DVD sau biyar daidai, saboda haka kashi huɗu cikin biyar na ɗigon za su tafi ko da wace manhaja aka yi amfani. Abin da ake nema shi ne ta rage girman ba tare da layuka sun yi haƙora ba, ta kuma sauya ma'aunin launi daga na manyan hotuna zuwa na DVD, in ba haka ba ja da kore za su ɗan kauce. Ya kamata kuma ta sanya alamar allo mai faɗi ta 16:9, domin rashin ta ne ke sa mutane su fito a miƙe kamar an ja su.

Wayoyi da yawa suna ɗaukar hotuna 30 a daƙiƙa. Mayar da su 25 yana nufin zubar da hoto ɗaya cikin kowane shida, wanda ke sa motsi ya riƙa tsalle. Tun da akasarin na'urorin da ake sayarwa a ƙasashen PAL suna karɓar faifan NTSC, sau da yawa ya fi kyau a bar bidiyon a kan 30 a buga shi a tsarin NTSC, bayan an tabbatar da na'urar wanda za a kai wa.

Sauti ma yana da nasa lissafin. Wanda ba a matse ba yana cin kilobit 1,536 a daƙiƙa, wato kusan kashi 30 cikin ɗari na faifan a fim na sa'a biyu. Tsarin Dolby Digital a kilobit 192 zuwa 256 ya ishi magana da kiɗa, ya kuma bar wa hoto sarari. Ga karatu da wa'azi, inda murya ita ce abin nema, gara a rage wa hoto a kyautata sauti.

Gwaji da bugawa

Hanya mafi tabbas ta zaɓe ita ce a yanko minti biyu ko uku daga wuri mafi wuya a bidiyon da za a yi aiki a kansa, a matse shi da manhajoji biyu ko uku a kaso ɗaya, a buga a faifan da ake iya gogewa, a kalla a talabijin da na'ura irin ta wanda zai karɓi aikin. Inda ake zuba ido shi ne fuska a lokacin motsi, da bango mai duhu, da sararin sama, da gefen rubutu.

Ya kamata a matse sau ɗaya tak, daga mafi kyawun kwafin da ake da shi. Kaset na DV yana ba da kimanin gigabayit 13 a sa'a, kuma daga nan ya dace a tafi kai tsaye zuwa MPEG-2. Bidiyon da ya riga ya bi ta WhatsApp ko Facebook an matse shi tun a can, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da aka zubar. Wasu manhajojin tsara faifai sukan sake matse fayil ɗin da ya riga ya dace da ƙa'ida ba tare da sun sanar ba, saboda haka akan duba ko akwai saitin hana hakan.

Wanda ke son hoto mai cikakken girma a kan faifai sai ya koma ga Blu-ray, wanda ya fito a 2006 da gigabayit 25, kuma yake karɓar tsarin H.264. Manhajar x264 ta kyauta ta fara fitar da bidiyon da ya dace da shi a 2010. Sai dai na'urarsa ba ta yaɗu a gidajen arewacin Nijeriya da Nijar kamar ta DVD ba, kuma na'urar DVD ba ta karanta shi.

Wajen bugawa, ImgBurn, wanda samfurinsa na ƙarshe ya fito a 2013, yana da saitin sake karanta faifan bayan an gama domin tabbatar da cewa ya yi daidai da abin da ke cikin kwamfuta. Akan fi samun nasara idan aka buga a matsakaicin gudu maimakon mafi sauri. Faifan da ake bugawa a gida yana adana bayanai ne a wani siririn rini da zafi da hasken rana ke lalatawa, ba kamar na masana'anta da ake hatimcewa ba, saboda haka masu adana kayan tarihi sukan riƙe fayil ɗin asali a ma'adana biyu daban, su kuma ajiye faifan a cikin kwalinsa, a tsaye, nesa da taga.